A Tambayi Dutse Kafin a Kira Motar Haƙa

Barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa. Gaisuwa ta musamman ga manoman Bakori da Kabomo da Tsiga da Guga da Kakumi, da na ƙasar Funtuwa da Malumfashi baki ɗaya. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Yau zancen dutse za mu yi, amma ta ƙofar ruwa za mu shiga. Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san yadda abin yake faruwa. Unguwa ta yi karo-karo, ko wani mai hali ya ɗauki nauyi, a kira motar haƙa rijiyar burtsatse, ta yini tana ruri, a ƙarshe ba a ga komai ba sai farar ƙura. A tsallaken layi kuwa, tazarar da ba ta wuce jifa ba, wata rijiyar tana ba da ruwa rani da damina. Wasu su ce rabo ne, wasu su ce mai haƙa ne ya yi ha'inci, wasu ma su kai ga cewa an yi wa wurin sammu. Rabo gaskiya ne, ba mai musun wannan. Sai dai rabon yana da sababi, kuma sababin yana kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu tun kafin a yi Bakori. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne: tarihin duwatsun ƙasar nan, wanda wasu ke ɗauka aikin 'yan boko ne da ba su da abin yi, shi ne ke nuna inda ruwa yake da inda babu shi, kuma al'ummar da ta haƙa rami ba ta tambayi wannan ilimi ba, caca take yi da kuɗin talakawa.

Mu fara da abin da ido ke gani. In ka je bakin rafi da rani, inda ruwa ya wanke ƙasa ya bar falalen dutse a fili, tsuguna ka duba da kyau. Iri uku za ka fi cin karo da su a kudancin Katsina. Akwai mai tsaba-tsaba, ƙwayoyinsa fari da ja-ja da baƙi a gauraye ba wani tsari, mai tauri ƙwarai, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Masana na ce masa giranit, kuma shi ne jikin manyan duwatsun nan masu santsin kai kamar Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a hanyar Gusau. Akwai mai zane-zane, layin fari na bin layin baƙi, wani wuri a miƙe, wani wuri a lanƙwashe har ya naɗe kansa. Sai na uku, mai ɓare-ɓare, wanda in ka sa bakin fartanya yana tashi falle-falle, yana ƙyalli a rana. Wannan na ukun a jere yake, a wasu dogayen zirara da suka miƙa daga kudu zuwa arewa, kuma ɗaya daga cikinsu sunan Malumfashi aka sa masa a littattafan masana ilimin duwatsu, kamar yadda aka sa wa wasu sunan Birnin Gwari da Maru da Anka da Kushaka da Kazaure. Wato sunan Malumfashi yana cikin karatun ɗaliban da ba su taɓa taka ƙasar Katsina ba, alhali mu da ke noma a kan dutsen ba mu san labarinsa ba.

To me ya lanƙwasa dutse? Mai zane da mai ɓare, dukansu ba haka aka fara su ba. Rikiɗa suka yi. Asalin mai ɓare laka ce da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa. Daga baya aka binne su a zurfin kilomitoci masu yawa, inda zafi ya kai ɗaruruwan digiri, nauyin da ke sama kuma ya danne su. Dutse a wannan hali ba ya narkewa sarai, ba ya kuma karyewa. Laushi yake yi, kamar ƙarfe a hannun maƙeri in ya yi ja a wuta, ana bugunsa yana miƙewa yana tanƙwaruwa, in ya huce kuma ya riƙe siffar da aka ba shi. Ƙwayoyin da ke cikinsa sai su jeru su kwanta ta gefe guda, shi ya sa yake ɓarewa falle-falle. Inda zafin ya yi tsanani har wani sashe ya narke, narkakken ya taso ya daskare a hankali tun bai iso sarari ba, shi ne ya zama mai tsaba. Girman ƙwayoyinsa shi ne shaidar cewa a hankali ya huce, can cikin ƙasa, domin dutsen da ya huce da sauri a sarari ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin girma.

Nan tambaya ta taso: in a can ƙasa aka toya su, ya aka yi suke a sarari yau, awaki na hawa kansu? Amsar tana cikin abin da masana suka tabbatar a shekarun 1960, bayan an daɗe ana yi wa Bajamushen nan Alfred Wegener dariya tun da ya kawo maganar a 1912: ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, manyan ɓangarori ne da ke tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. Yau da na'urorin tauraron ɗan'adam ake auna wannan tafiya, ba zato ba ne. Inda ɓangarori biyu suka yi karo, ƙasa na tattarewa ta yi tozo, kamar yadda Indiya ta tunkuɗi Asiya aka sami tsaunukan Himalaya. Irin wannan karo ne ya auku a nan kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Tsohuwar ƙasar Afirka ta Yamma, wadda Gana da Kodebuwa da Burkina Faso ke kanta, ta haɗu da ƙasashen da ke gabas da ita, tekun da ke tsakaninsu ya rufe, aka sami jerin tsaunuka tun daga Hoggar a kudancin Aljeriya, ta Azbin, har zuwa gaɓar teku a Togo da Benin. Daga nan ruwan sama da iska da koguna suka yi ta cin tsaunukan har suka baje su. Abin da muke takawa a Bakori gindin waɗannan tsaunuka ne. Kuma da yake matsin daga gabas da yamma ya zo, zane da tsagar duwatsunmu galibi kudu da arewa suka fuskanta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba a rana ɗaya aka gano wannan ba. Baturen nan J. D. Falconer, wanda ya zagaya Arewa yana binciken ma'adinai a farkon mulkin mallaka, shi ne a littafinsa na 1911 ya raba giranit ɗin ƙasar nan gida biyu, tsofaffi irin namu da sababbi irin na Jos. A 1919 aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya. A 1964 wani masani, W. Q. Kennedy, ya lura cewa duwatsu da yawa a sassan Afirka daban-daban shekarunsu sun zo ɗaya, ya gane cewa al'amari guda ne ya shafe su. Malamai da ɗaliban sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi ƙasar Zariya da Funtuwa da Malumfashi da guduma a hannu suna zana taswira. Wani abin ban sha'awa shi ne duwatsun arewa maso gabashin Birazil sun dace da namu a iri da shekaru da inda tsagarsu ta fuskanta, domin a manne muke da su kafin tekun Atilantika ya buɗe, sama da shekara miliyan 100 baya. Sannan a 2001 wasu masana uku, Kröner da Ekwueme na Jami'ar Kalaba da Pidgeon, suka buga sakamakon awon wani dutse mai zane daga cikin garin Kaduna: shekara miliyan 3,571. Yana cikin mafi tsufan duwatsun da aka auna a Afirka ta Yamma. Ita duniyar kanta ana ƙiyasta mata kimanin miliyan 4,540. Wato kafin karon da na ambata, akwai wata tsohuwar ƙasa a nan da ta riga ta yi shekara kusan miliyan 3,000 a zaune.

Na san akwai mai sauraro da yanzu yake girgiza kai, yana cewa: Malam, wa ya ga wannan? Wa ke nan yana ƙirga? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa, ba tsawa ba. A cikin dutse mai tsaba da mai zane akwai wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana, da ƙyar ido ke ganinsu, ana ce musu zirkon. Lokacin da ƙwayar ke ƙulluwa tana karɓar sinadarin yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, amma ba ta karɓar dalma. Shi kuwa yuraniyom a hankali yake juyewa ya koma dalma, da saurin da aka auna a ɗakin gwaji, wanda zafi ko sanyi ba sa canzawa. Saboda haka dalmar da aka tarar a cikin ƙwayar daga baya ta taru, kuma yawanta ke nuna tsawon zamanin da ya wuce. Abin da ya ƙara wa awon ƙarfi shi ne yuraniyom iri biyu ne a wuri guda: ɗaya rabinsa na juyewa a shekara miliyan 4,470, ɗayan a miliyan 704. Ana lissafa kowanne daban. In suka ba da amsa guda, an sami shaidu biyu da ba su haɗa baki ba. In suka saɓa, masanin ya san wani abu ya taɓa ƙwayar, sai ya yi hattara. Ba ina cewa masana ba sa jayayya ba ne. Har yau suna muhawara kan ainihin lokacin da lakar da ta zama dutsen Malumfashi da na Maru ta fara kwanciya. Amma jayayyar a kan wane zamani ce daga cikin tsofaffin zamunna, ba a kan ko duwatsun sun tsufa ba.

Wani kuma zai ce, wannan magana ba ta ci karo da imani ba? Ni dai ban ga inda ta ci ba, kuma masu ilimin addini sun fi ni sanin fagensu. Abin da na sani shi ne sanin sababi ba ya kore Mai sababi. Manomin da ya san taki ke sa masara ta yi kyau bai daina roƙon albarka ba. Kuma wannan bincike ba baƙo ba ne a gidan Musulmi. A ƙarni na 11 Ibn Sina ya yi rubutu kan yadda duwatsu ke samuwa da yadda ruwa ke sassaƙa su a dogon zamani. Al-Biruni, wanda suka yi zamani ɗaya, ya dubi duwatsun kwarin Indiya, ya ga manya a kusa da tsaunuka, ƙanana a nesa, yashi a bakin teku, ya ce wannan fili da teku ne, koguna suka cike shi. Da ido da hankali suka yi aiki, kuma su ne kayan aikin har gobe.

Yanzu mu koma bakin rijiya. Dutsen da aka toya aka matse haka ba shi da ƙofofin da ruwa zai shiga ya zauna. Ka jiƙa giranit shekara guda ka fasa shi, cikinsa a bushe yake. Saboda haka a ƙasa irin tamu ruwan ƙarƙashin ƙasa gida biyu kawai gare shi. Na farko shi ne ruɓaɓɓen dutse, wato saman dutsen da ruwan sama ya daɗe yana ci har ya zama marmashi. Kaurinsa ba ɗaya ba ne: wani wuri taku biyu ka iske fa, wani wuri ya kai mita 20 ko 30. Na biyu shi ne tsaga, inda dutsen ya dare saboda motsin ƙasa na da. Tsagar nan siririya ce, kuma a tsaye ko a karkace take gangarawa. Wanda ya saka bututunsa a kanta ya dace, wanda ya kauce mata da 'yan mitoci ya sami ƙura. Ga bayanin rijiyoyin nan biyu na tsallaken layi, ba sammu ba. Irin dutsen ma yana da tasa rawar: mai ɓare in ya ruɓe yumɓu yake zama, ya riƙe ruwa ya hana shi gudu, rijiya ta riƙa tsatsafowa kaɗan-kaɗan, mai tsaba kuwa in ya ruɓe yana barin tsakuwa da yashi, ruwa ya sami hanya.

Wanda ya tsaya kusa da motar haƙa zai iya karanta wannan da idonsa, in ya lura da abin da bututu ke tofarwa. Da fari jar ƙasa da marmara. Sai yumɓu mai laushi, fari-fari ko rawaya. Sai marmashi mai kaushi, wanda in ka murza a tafin hannu kana jin tsakuwa. Nan ne ake sa rai. Daga nan ƙarar injin ta canza, ƙura ta koma toka-toka mai laushi kamar gari, alamar an shiga lafiyayyen dutse. In a cikinsa aka ci karo da tsaga, za ka ga ƙurar ta yi danshi, ta dunƙule, ruwa ya biyo baya. In kuwa aka yi ta nitsawa ƙura ba ta sauya ba, to a nan ne mutanenmu ke tafka asara, domin sai ka ji ana cewa a ƙara zurfi, ai ruwa na ƙasa. Wannan magana gaskiya ce a Maiduguri, gaskiya ce a sassan Sakkwato, inda ƙasar shimfiɗar yashi da laka ce hawa-hawa mai kaurin ɗaruruwan mitoci, ruwa kwance a tsakaninsu. A ƙasar Sakkwato har teku ya taɓa shiga, shi ya bar farin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina. Mu ba haka tamu take ba. A nan, iya nitsawarka iya matsewar tsaga, saboda nauyin da ke kanta. Ba a rasa wanda ya dace da tsaga mai zurfi, amma wanda ake cajinsa kuɗi a kan kowace mita ya kamata ya san cewa bayan wani zurfi, kuɗinsa na ƙaruwa, damarsa na raguwa.

Mafita ita ce awo kafin haƙa. Masu wannan aiki suna kafa turakun ƙarfe huɗu a jere, su ja waya, su tura lantarki cikin ƙasa, su riƙa faɗaɗa tazarar turakun don lantarkin ya ƙara nitsawa. Jiƙaƙƙen marmashi yana barin lantarki ya wuce, lafiyayyen dutse yana tare shi, daga nan a ƙiyasta kaurin ruɓaɓɓen dutse da inda ake zaton tsaga. Ƙwararre ba ya tsayawa nan: yana duba taswira da hoton sama, ya ga inda rafi ya miƙe sambal ba lanƙwasa, domin sau da yawa ruwa tsaga yake bi, ya kuma tuna da inda zanen duwatsun yankin ya fuskanta don ya san ta inda zai ja wayarsa. Kun ga inda karon shekara miliyan 600 ya shigo cikin zancen famfon tuƙa-tuƙa.

Dattijo zai ce, kakanninmu sun haƙa rijiyoyi ba waya ba lantarki, kuma mun sha. Gaskiya ne, Baba, kuma ba da ka suka yi ba. Sun duba inda itatuwa ke zama kore har bazara, sun duba suri, sun duba gangaren fadama, sun guji fako da inda fa ya leƙo. Wannan ilimin duwatsu ne, rubuta shi ne kawai ba a yi ba, kuma mai awo mai hankali yana fara aikinsa da tambayar tsofaffin maginan rijiya. Amma abubuwa biyu sun canza. Rijiyar da ta ishi gida goma da guga ba za ta ishi unguwa mai tanki da injin sola ba, balle lambun tumatir da rani. Sannan maginin rijiya yana cikin ramin, yana ganin ƙasa da idonsa, in ta ƙi ya fito tun da wuri. Motar haƙa kuwa a yini guda take cinye abin da jama'a suka tara a shekara. Wani kuma zai ce, ai an yi awon a wuri kaza, duk da haka ba a sami ruwa ba. Wannan ma yana faruwa, ba zan ɓoye ba. Yumɓu na iya yaudarar na'ura ya nuna kamar ruwa ne, kuma akwai masu zuwa da waya su yi minti goma don cika sharaɗi, su nuna daidai inda mai gida ya riga ya so. Awo ba alkawari ba ne, rage kasada ne. Amma kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan kuɗin rami guda da ya fito a bushe, kuma maganin gurɓataccen awo shi ne nagartaccen awo, ba barin awo ba.

Ƙasar noma ma daga wannan tarihi ta fito, ko da yake a nan zan taƙaita. Marmarar da garma ke karo da ita ragowar dutse ce da ruwa ya wanke ya bar ƙarfe. A samanta, a filayen Funtuwa zuwa Zariya, akwai lallausar ƙasa da iska ta kwaso daga arewa a zamunnan fari ta shimfiɗa, kuma tana cikin abin da ya sa yankin ya yi suna a auduga da masara da dawa, har aka zaɓi Funtuwa cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Sai dai shimfiɗar ba ta da kauri, kuma tsohuwar ƙasa irin wannan ba ta da wadatar wasu sinadaran da shuka ke so, shi ya sa ba ta yafe wa wanda ya hana ta taki. Mu a kan tudu muke, kogin Sakkwato ma daga kusa da Funtuwa ya faro, don haka abin da zaizaya ta kwashe daga gonarka ya tafi ke nan, ba mai kawo maka wani daga sama.

Akwai kuma zinare, kuma a nan rashin sani ya wuce asarar kuɗi. A ƙarshen wancan karo, ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi ta tsagogin duwatsu masu ɓare, ya daskare ya bar jijiyoyin farin dutse. A wasunsu akwai zinare, shi ya sa Birnin Gwari da Maru da Anka suka yi suna tun zamanin Turawa. Amma ruwan da ya kawo zinaren, a wasu wurare ya kawo dalma tare da shi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, an riƙa kai dutsen cikin gida ana daka shi ana niƙawa, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanukan abinci, yara sama da 400 suka rasu kafin a shawo kan abin. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gwajin dutsen a ɗakin bincike zai iya nuna dalmar tun kafin a kai turmi. Samarinmu da ke tafiya haƙa, ku ji wannan: ba kowane farin dutse ke da zinare ba, kuma kowane iri ne, kada a kai shi inda mata da yara suke.

Da yake mun ambaci motsin ƙasa, na san wani zai tambaya ko muna cikin haɗarin aman wuta ko girgiza. An taɓa yin duwatsu masu aman wuta a Arewa, ba shakka. Duwatsun Riruwai a kudancin Kano da na Jos, inda ake samun kuza, gindin irinsu ne, daga zamanin da ya kai shekara miliyan 150 zuwa 200, kuma jerinsu ya faro tun daga Azbin da Damagaram, na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi ƙuruciya. Na baya-bayan nan su ne na tudun Biu, inda tafkin Tila ke zaune a bakin tsohon ramin wuta, da na Panyam da Kerang a Filato. Masu rai sosai suna Kamaru: a ranar 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos ya saki iska mai shaƙe numfashi da ta kashe mutum sama da 1,700 a dare guda. Bakori tana nesa da waɗannan duwatsu na Kamaru, kuma tana tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da bakin da ake karo. 'Yar girgiza takan faru in tsohuwar tsaga ta ɗan motsa, kamar yadda aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016 da Mpape ta Abuja a Satumban 2018, kuma akwai cibiya a Toro ta jihar Bauci da ke sa ido kan irin wannan. A ganina, abin tsoro a wurinmu ba wutar da ke ƙarƙashin ƙasa ba ce. Ginin da aka yi da ƙarancin siminti da rijiyar da aka haƙa dab da masai sun fi ta kusa da mu.

Saboda haka ga kirana, kuma ga shugabanni na fara. Kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa a ƙasar Bakori, wadda ta ba da ruwa da wadda ta ƙi, bayani ce da aka saya da tsada. A wace mita aka bar marmara, a wace aka iske fa, a wace ruwa ya fito, nawa yake bayarwa? Yawanci motar na tashi bayanin ya bi ta. Ya kamata ƙaramar hukuma da hukumar samar da ruwan karkara ta jiha su wajabta wa duk mai haƙa ya bar wannan a rubuce, a ajiye a wuri guda da kowa zai iya dubawa, har da na ramukan da suka bushe, domin su ne ke hana na baya maimaita asarar na gaba. Cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana nan a Mando, Kaduna, jami'a tana Zariya, ba nisa. Ku kuma masu unguwanni da shugabannin kwamitin masallaci da ƙungiyoyin manoma, kafin ku biya kuɗin mota ku nemi a yi awo a wuri fiye da ɗaya, ku karɓi sakamakon a takarda da sunan wanda ya yi, ku yi yarjejeniya tun farko kan zurfin da za a tsaya in ƙura ba ta sauya ba. In awo ya nuna ruwan yana bayan gari, ba ƙofar gidan mai kuɗin ba, a haƙa a bayan garin a jawo bututu. Malaman makarantun sakandare, ku fita da yara bakin rafi da rani su ga zanen dutsen da idonsu, ko Allah zai sa a sami masu awon daga cikin 'ya'yanmu.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman maginan rijiya da masu aikin haƙa da suka san ƙasar nan ciki da bai, ƙofa a buɗe take, ku aiko mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.